Abin da Aka Fizge a Hannun Baba

Zuwa ga Yayana, babban gidanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a wurin aiki, ya raba ka da sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Jikin Baba da sauƙi in aka kwatanta da yadda muka dawo da shi daga asibiti. Yanzu yana iya zama in an jingina masa matashi, yana riƙe cokali da hannun hagu, ko da yake rabin abin da ya ɗebo a ƙirjin rigarsa yake ƙarewa. Ƙafar dama ta fara motsi kaɗan, hannun ne dai har yanzu yake kwance kamar ba nasa ba. Gwaggo tana nan tana fama da gwiwarta, tana kuma fama da mu in mun ce ta zauna ta huta. Auta ya samu aikin koyarwar da yake nema, har ya fara yi mana magana kamar duk 'yan ajinsa ne mu. 'Yan biyuna sun shiga aji huɗu, ɗaya ta zubar da haƙoran gaba biyu, don haka yanzu ko baƙo yana iya bambanta su.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. Yau kwana goma sha ɗaya ina kiranka, wani lokaci ta yi ta ƙara har ta gaji, wani lokaci a ce mini a kashe take. Na tura saƙo, na ga alamar an karanta, ban ga amsa ba. Na kira Anti, ta ce aiki ne ya yi maka yawa. To na yarda, aiki yakan yi yawa. Shi ya sa na koma wa takarda, don ita ba ta katsewa a tsakiyar magana, kuma mutum yana iya karanta ta a lokacin da ya ga dama. Roƙona ɗaya ne, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni. Akwai abubuwan da suka faru a gidan nan cikin wata ukun da ka tafi waɗanda ban gaya maka ba, wasu don kunya, wasu don kada in ɗaga maka hankali kana nesa.

Ka san farkon abin. Ranar Talatar da hutunka ya ƙare ka kama hanya da safe, ni ina shagon ɗinkina, Auta ya fita neman aikinsa, Gwaggo ta je a duba mata gwiwa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta dawo ta tarar da Baba a ƙasa a ɗakin gyaran agogonsa, tsakanin tebur da kujera, madubin da yake maƙalawa a ido ya gangara ƙarƙashin kabad. Da na kira ka kana cikin mota, ka ce mini ƙarfe tara ka bar shi zaune a teburinsa yana aiki, lafiya ƙalau. Kwana goma sha tara muka yi a asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki ya tafi da maganarsa. Abin da ban gaya maka sosai ba shi ne, a kwana na goma sha huɗu, ina goge masa baki bayan ya sha shayi, sai ya ja numfashi ya ce, “Fizge.” Muka yi ta murna, Gwaggo har da cewa duk kalmomin duniya ya rasa wadda zai dawo da ita sai ta 'yan tasha. Amma murnar ba ta daɗe ba, don ita kaɗai yake faɗa, safe da yamma, yana buɗe hannun hagu yana rufewa, wani lokaci da hawaye.

Akwai wata ma'aikaciya a asibitin da ke koya wa masu irin wannan ciwo magana, Malama muke ce mata. Ta ce mini wasu marasa lafiya kalma ɗaya ce takan maƙale musu ba tare da wata ma'ana ba, da ita za su nemi ruwa, da ita za su yi gaisuwa. Amma ta ce yadda Baba yake haɗa ta da hannu ya sa tana jin akwai abin da yake son faɗa. Ta ba ni shawara in samu littafi in rubuta duk kalmomin da aka saba jin su tare da wannan kalma, in riƙa karanta masa ɗaya bayan ɗaya a hankali, hannunsa a cikin nawa, ina duban idonsa. Da muka dawo gida na zaunar da kowa a falo muka yi ta kawowa. Auta ya ce jaka da waya, maigidana baban 'yan biyu ya ce maɓalli da hula, ni na ce sarƙa, zobe, sanda, agogo. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta ce nama, saboda kyanwa. Gwaggo ta ce a'a, kyanwa wafcewa take yi, shaho ya sure, ɗan sanda ya cafke, ɗan sane kuma zarewa yake yi mai kaya bai sani ba. Auta ya ce to ƙwacewa fa, ta ce wannan sai an yi kokawa. Ta ce fizga kuwa sai abu yana hannunka, kana riƙe da shi, wanda zai fizge yana tsaye dab da kai, kana ganinsa yana ganinka.

Gwaggo ta faɗi haka ne tana dariya, amma ni daga wannan lokacin dariya ta ƙare mini. Na dubi mutanen da ke falon ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina, ashe wani ya tsaya gaban Baba a ɗakin nan, ido da ido, ya fizge masa abu a hannu. Kuma Baba ba ya barin baƙo ya wuce bakin ƙofar ɗakin aikinsa, ko masu kawo gyara ta taga yake karɓa. Ke nan wanda ya shiga, na gida ne ko wanda ya zama kamar na gida. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na san da haka, amma wallahi Yaya in ya shiga zuciya ba ya neman izini.

Washegari na fara karanta masa. Jaka, shiru. Waya, shiru. Maɓalli, ya kawar da kai. Da na zo kan agogo sai na ji yatsunsa sun motsa, idonsa ya tafi wajen ɗakin aiki. Yanzu na gane cewa mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana gyaran agogo dole ya motsa in an ambaci agogo, amma a ranar ban yi wannan tunani ba. Na tashi na buɗe aljihunan tebur na duba, sai na ga babu tsohon agogon aljihun nan mai murfi da kakanmu ya bar masa. Nan take zuciyata ta tafi kan mai aski, don duk Talata da safe yake zuwa yi wa Baba gyaran fuska, kuma a ɗakin aikin suke yi. Da ya zo Talatar da ta biyo, yana cikin haɗa kumfa, na fara yi masa zagaye-zagaye, ina cewa abin mamaki kaya suna yin ƙafa a gidan nan, ina tambayarsa ko ya tuna ƙarfe nawa ya zo ranar da abin ya faru. Dattijon nan ya ajiye askarsa a kan tawul ya dube ni. Ya ce shekara talatin yana ɗora wuƙa a maƙogwaron mahaifina, mahaifina yana rufe ido don ya yarda da shi, yau kuma 'yar da ya sani tun tana rarrafe ita ce take auna shi da agogo. Ya ce ranar ya zo har ƙofar falo amma bai shiga ba, ya juya. Ya ƙarasa askin tsaf, ya naɗe kayansa, ya ƙi karɓar ko shayi. Kwana huɗu bayan haka na ga agogon a aljihun rigar sanyin Baba da ke rataye bayan ƙofa. Mai aski bai sake zuwa ba, Auta ne yake yi wa Baba aski yanzu, duk ya sassare masa haɓa.

Da a ce ina da hankali da na tsaya a nan. Amma Baba bai daina faɗar kalmarsa ba, ni kuma ban daina lissafin mutane ba. Sai na koma kan Gwaggo, Allah ya yafe mini. Na ce ai ita ce ta fara ganinsa, kuma babu wanda ya san ƙarfe nawa ta dawo sai ita. Na tuna mako guda kafin abin sun yi 'yar ƙaramar cacar baki kan ya ƙi shan magani. Na fara lura da ita, in ta shiga ɗakinsa in bi ta da wani dalili, in ta fito in duba ƙarƙashin matashi. Matar da ta bar komai ta dawo gidan wanta ta riƙe mu bayan rasuwar Mama, ita nake wa leƙe ta labule. Malama ce ta raba mu ba tare da ta sani ba. Da muka koma wurinta ta ce in gwada masa ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin kalmar, ko zai nuna namiji ne ko mace. Na zauna gabansa na ce “ta fizge,” hannunsa bai motsa ba. Na ce “ya fizge,” sai ya damƙe ni, ya yi ta gyaɗa kai har hularsa ta zame. Ban san Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwan wanke hannu ba. Ta ajiye kwanon a hankali, ta ce alhamdu lillahi tunda yau an wanke mata, ta shige ɗakinta. Ashe duk abin da nake yi tana gani. Har yau in na shiga ɗakin Baba tana ciki sai ta miƙe ta fita, wai don in samu wurin bincike.

Saura maza ke nan, kuma mazan da na ƙirga biyu ne, Auta da baban 'yan biyu. Ka san ya daɗe yana cewa ɗakin aikin Baba da ke fuskantar titi zai yi kyau da shago, har kun taɓa yi masa dariya a kan haka. Kuma shi ne yake biyawa ya kawo wa Baba maganin hawan jini duk ƙarshen wata. Tun ranar da abin ya faru na lura ba ya iya haɗa ido da Baba, in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsayawa, in aka ɗauko zancen ranar Talatar sai ya tuna yana da kira. Na ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wata Asabar da rana yana wanka na ɗauki maɓallin motarsa na buɗe akwatin gaba, ban ma san abin da nake nema ba. Sai ga kwalin maganin Baba, sabo, ba a buɗe ba. Ina riƙe da shi ya fito ya same ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a bakin baranda ya ce tun ranar Asabar kafin abin ya saya, ya yi ta mantawa, Baba ya yi kwana uku babu magani, kuma tun daga ranar yake ganin shi ne ya kayar da shi. Ya ce wata biyu yana ɗauke da wannan shi kaɗai, yana neman yadda zai gaya mini, ashe ni kuma ina can ina ɗaukarsa ɓarawo. Mun yi mako guda muna gaisawa kamar maƙwabta. Mun shirya yanzu, amma ka san ƙwarya in ta tsage ko an ɗinke ta ɗinkin yana nan.

Abin da aka fizge kuwa, ba ya cikin littafina sam. 'Yan biyu ne suka tono shi. Wata rana bayan sun taso daga makaranta suna zaune a tabarma gaban gadon Baba, ɗaya tana nuna masa takardar jarrabawarta, sai 'yar'uwarta ta miƙa hannu ta fizge don ita ma a ga tata. Yaya, ban taɓa jin murya irin wadda ta fito daga bakin Baba ba tun da ya kwanta. Ya yi ta buga katifa yana nuna su yana faɗar kalmarsa, har yaran suka tsorata suka fashe da kuka. Na kore su waje, na kama hannunsa, na ce takarda. Ya matse mini yatsu har zobena ya shiga nama, hawaye suna bin kuncinsa zuwa kunne. Na ɗauko akwatin ƙarfen da yake ajiye takardunsa na zazzage. Takardar gida tana nan, ta fansho tana nan, takardun haihuwarmu duk suna nan. Na ɗaga masa su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai. Na rasa wace takarda ce, na koma ina kallon Auta, don shi kaɗai ya rage. Ban ce masa komai ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska, ya gane. Ya daina cin abinci tare da mu, in ya gama yi wa Baba aski sai ya wuce ɗakinsa.

Bayan kamar mako biyu sai ga maƙwabcinmu tsohon akawu, wanda ya yi tafiya wurin 'yarsa tun kafin abin, ya dawo ya shigo dubiya. Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, sai ya rage murya ya tambaye ni ko an adana takardar nan da kyau, don irin wannan lokaci aka yi ta. Na ce wace takarda. Ya yi mamaki. Ya ce ana saura kwana biyar ka tafi, Baba ya kira shi tare da mai kantin magani na bakin titi, ya sa shi ya rubuta cewa ɗakuna biyu na baya na Gwaggo ne muddin tana raye, kuma ba za a sayar da gidan nan ba sai bayan ranta. Baba ya sa hannu, su ma suka sa. Ya ce sun ba shi shawara ya kai a ajiye a wurin lauya, sai ya ce a'a, ba zai yi abu a bayan babban ɗansa ba, sai ya nuna maka tukuna kafin ka koma. Ita kanta Gwaggo ba ta san da zancen ba. Ina tsaye a bakin ƙofar nan na tuna hirar da muka yi da kai a shagona, da kake cewa gidan ya yi wa Baba girma, unguwar ta yi daraja, gara a sayar a sama masa ƙaramin wuri kusa da asibiti. Na tambaye ka Gwaggo fa, ka ce ai tana da 'ya'yan mijinta.

Duk da haka ban yarda ba. Na ce wa kaina na zargi mutum huɗu, uku na tabbatar na zalunce su, ba zan ƙara da wana ba. Ko a lissafina ban taɓa sa ka ba, don ka ce ƙarfe tara ka fita, kuma maganarka ba ta taɓa zama abin bincike a wurina ba. Na shirya na tafi shagon mai aski, na jira har ya sallami mutanen da ke kan benci, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe tun ranar, zuwa ne dai ba zai iya ba tukuna. Sai na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun farko, me ya sa ya juya daga ƙofar falo. Ya daɗe yana goge almakashi kafin ya amsa. Ya ce ya ji muryoyi sun tashi a ɗakin aiki, ya ga maganar gida ce, shi kuma ba ya shiga tsakanin uba da ɗa. Na ce wane ɗan. Ya ce kunne ba ido ba ne, ba zai rantse a kan murya ba. Abin da idonsa ya gani kawai shi ne jakar tafiya mai taya a jingine a bakin ƙofar falo, da agogon bango yana nuna goma saura kwata.

Sauran kai ma ka sani, don kana kan waya. Ranar Lahadi da la'asar ka kira kamar yadda ka saba, na ce bari in kai maka Baba ka gaishe shi. Da ma kullum kai kake magana shi yana saurare, ni kuma ina riƙe da wayar a kunnensa ina kallon taga. Ran nan na buɗe muryar wayar, na ajiye ta a kan ƙirjinsa, na zauna ina kallon fuskarsa. Ka yi sallama, ka tambaye shi jiki. Na ga leɓensa yana rawa, yana kokawa da harshensa kamar mai ɗaga dutse. Sai ya ce, “Ka fizge.” Wannan ne karo na farko da ya haɗa kalma biyu da kansa tun da ya faɗi. Ya sake faɗa, ya kuma sake. Na ji numfashinka, sannan ka ce layin ba kyau za ka sake kira. Ni kaɗai ce a ɗakin. Na ɗauke wayar, na gyara masa bargo, na fita bayan gida na zauna kan bokiti na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti.

Yanzu bari in gaya maka inda aka tsaya, don kada ka ɗauka takardar nake nema. Ba na nemanta. In tana wurinka ka riƙe, in ka yaga ta ka yaga. Ranar Alhamis tsohon akawu da mai kantin magani sun dawo, da wani lauya da likitan Baba ya haɗa mu da shi. An sake rubuta ta, an karanta wa Baba layi bayan layi yana gyaɗa kai, ya dangwala babban yatsansa na hagu. Lauya ya tafi da ita. Na gaya musu ta farkon ɓata ta yi, ba su tambaye ni ƙari ba. Gwaggo ta ji abin da wanta ya yi mata, ta riƙe ƙafarsa tana kuka tana yi masa faɗa wai wa ya ce masa za ta fi shi daɗewa. Ba kuma ina cewa kai ka sa masa ciwo ba. Likita ya ce jinin ya daɗe yana hawa, ga kwana uku babu magani, ko tari mai ƙarfi yana iya kawo shi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma na san zafin zuciyarka, na san yadda takan sauka kafin ka kai bakin titi. Kai ne ka ɗauke ni a kafaɗa ranar da aka fara kai ni makaranta, kai ka tsaya mini a aurena. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tambaya ɗaya ce ta hana ni sukuni, ita ce dalilin wannan doguwar wasiƙa. Mai aski ya ji muryoyinku goma saura kwata, Gwaggo ta shigo sha ɗaya. Likita ya gaya mini tun a asibiti cewa a irin wannan ciwo kowane minti yana da daraja, da an kawo shi da wuri da wataƙila hannun da maganar ba su tafi haka ba. Yaya, lokacin da ka ja jakarka ka fita daga gidan nan, a tsaye ka bar Baba ko a ƙasa? In a tsaye ka bar shi, yana faɗa yana nuna ka da yatsa kamar yadda ya saba, to ka faɗa mini, wallahi zan yarda da kai, in taya ka neman gafararsa. In kuwa ɗayar ce, ita ma ka faɗa mini da bakinka, don gara in ji daga gare ka da in ji daga gare shi. Malama ta ce kalmominsa sun fara dawowa, jiya ya ce ruwa, yau da safe ya kira Gwaggo da sunan da yake kiranta tun suna yara. Ba zai daɗe ba zai iya ba da labarin da kansa.

Har yanzu ban gaya wa kowa abin da na ji a wayar ba, ko baban 'yan biyu. Amma ba zan iya ci gaba da kallon Auta yana cin abinci shi kaɗai a ɗaki saboda laifin da bai yi ba, kuma ba ni da hanyar wanke shi sai na ambaci wani. Zan jira ka zuwa ƙarshen watan nan. In ka zo, ɗakinka yana nan a share. In ba za ka iya zuwa ba, ka kira ni da rana ina shago, inda babu kunnen kowa. In watan ya ƙare ban ji daga gare ka ba, zan tara su a falo in faɗi abin da na sani, ba ƙari ba ragi, sauran kuma in bar wa Allah.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata na gode da man zafin da ta aiko wa Gwaggo, yana yi mata aiki. Ka shafa mini kan yara, Doguwa da Sarkin Surutu da ƙaramarsu, ka ce 'yan biyu suna tambayar yaushe za su zo. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rage aiki ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Auta da baban 'yan biyu suna gaisuwa, haka ma tsohon akawu. Na gaya wa Baba ina rubuta maka wasiƙa, na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya gyaɗa kai. Don haka Baba yana gaishe ka.

Allah ya ba shi lafiya, ya shirya tsakaninmu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka mai jiran amsarka,
Maman 'yan biyu